Yadda za ka gano ƙabilun da ke zaune a ƙaramin gari ba tare da ka ƙirƙiro lamba da kanka ba

Shagon buga takardu gare ni a nan Kano kusa da wata babbar makaranta, na daɗe ina buga wa ɗalibai furojet, kuma in dai babin bayanin garin da aka yi bincike ne to wallahi na haddace shi kamar karatun allo, don kowa abu ɗaya yake kawo min: garin kaza mazaunansa Hausa-Fulani ne kashi 95 cikin ɗari, ragowar Yarbawa da Ibo da sauran ƙabilu. Wani ya sa 90, wani ya ji 90 ta yi kaɗan ya sa 98. In ka ce malam ina ka samo lambar nan sai ya ce a furojet ɗin wani ya gani, shi ma wanin a na wani ya gani, haka dai har ka rasa wanda ya fara yanko ta. Ban taɓa damuwa ba sai da abin ya zo kan ƙanina, sufabaizansa ya zagaye lambar da jan biro ya rubuta masa a gefe wai wa ya ƙirga. Shi ne muka ɗau sati biyu muna jeka-ka-dawo zuwa wani ƙaramin gari da bai kai tafiyar awa ɗaya daga Kano ba, abin da zan faɗa a nan daga can na koyo shi, har da kurakuran da muka tafka.

Da farko ka cire rai da samun lambar a wurin gwamnati, babu ita. Ƙidayar 2006 wadda ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4 ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba, haka ma ta 1991, da gangan aka cire tambayoyin saboda rigimar da suke tayarwa. Ta 1963 ce ta tambaya, ita kuwa ka ga shekara sittin da ɗoriya kenan kuma ita kanta an sha faɗa a kanta, ta 1973 soke ta aka yi gaba ɗaya, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage. Saboda haka duk wanda ya ce maka hukumar ƙidaya ta ce garinku Fulani kashi kaza ne, ka ce ya nuna maka shafin.

Abin da ke ruɗar yaranmu shi ne suna shiga intanet su ga ƙauyen Amurka mai mutum ɗari takwas an jera farare kaza, baƙaƙe kaza, 'yan Asiya kaza, har da ɗigo kaza, sai su ɗauka kowace ƙasa haka take. Su can duk shekara goma suke ƙidaya tun 1790 kuma fom ɗinsu yana tambayar launi, sannan a ƙidayar 2020 akwai tambaya daban ta ko mutum ɗan asalin masu jin Sifaniyanci ne. Amma duba yadda akwatunansu suke, a fom ɗin 2020 ɗan Najeriya da ɗan Habasha da ɗan Somaliya duk ƙarƙashin baƙi aka ba da misalinsu, ɗan Labanan da ɗan Masar kuma ƙarƙashin fari. Wato da za ka kawo fom ɗin nan Kano, Bahaushe da Bayarabe da Babarbare da Ibo duk akwati ɗaya za su shiga, Kwarorin titin Beirut su koma farare, shikenan an gama ƙidayar Kano ba ka san komai ba. Faransa ma da take ƙasar Turawa ba ta tambayar launi ko ƙabila a ƙidayarta. Mu nan launin fata ba ya raba mana komai, gida ɗaya za ka ga fari sol da baƙi wuluk uwa ɗaya uba ɗaya. Asali da harshe su ne zancen.

Toh kafin ka hau mota ka yanke wa kanka iyakar garin. Cikin gari kawai kake nufi, ko har da ƙauyukan da ke ƙarƙashin dagacin, ko har da rugagen da ke bayan gari? Wannan ba ƙaramar magana ba ce don in ka bar rugage a waje Fulaninka za su ragu sosai, in ka sa su kuma lissafin ya canza. Ka zaɓi ɗaya ka rubuta shi ƙarara a takardarka. Mu ƙasar dagaci muka ɗauka don ita ce kowa ya san inda ta tsaya.

Sai kuma shiga garin, a nan muka fara shan kunya. Ranar farko muka sauka da fayil da biro ba mu je wurin kowa ba, muka fara sallama a ƙofar gidaje, kafin azahar labari ya zaga gari cewa masu rubuta sunan tallafi sun zo, sai ga mata da yara kowa da katin ɗan ƙasa a hannu, gidan da aka ce mana mutum bakwai ne da safe ya koma goma sha tara, wani dattijo kuma ya kafe cewa mu 'yan haraji ne ya hana 'ya'yansa magana da mu. Duk takardun ranar yaga su muka yi. Hanyar ita ce ka karɓo takarda daga makarantarku ko inda ya aiko ka, ka kai wa dagaci, in garin hakimi ne ka fara da fadar hakimi, ka cire takalmi ka durƙusa ka yi gaisuwa yadda ya kamata, ranka ya daɗe mun zo ne a kan karatu, ba gwamnati ce ta aiko mu ba kuma ba abin da za a raba. Wannan jimlar ta ƙarshe ka maimaita ta a duk gidan da ka je har ka gaji. Shi dagaci zai haɗa ka da masu unguwanni, kowane mai unguwa ya ba ka yaro ɗan unguwa da zai riƙa yi maka sallama. Ka tanadi ɗan kuɗin goro da na mai rakiya, ba cin hanci ba ne, yini guda ka hana mutum zuwa gona.

Kuma ka tafi da mace. Gidajen ba a shiga ne, kai iyakarka zaure ko dakali, maigida kuma sau da yawa ba ya kawo maka asalin matansa sai nasa. Ƙanwar matata ce ta riƙa shiga mana, ita ta gano cewa gidaje da yawa da muka rubuta Hausawa zalla uwargida Bafulatana ce da ke yi wa 'ya'yanta Fulatanci a tsakar gida.

Kafin ka ƙirga ko gida ɗaya, zauna da mai unguwa mafi tsufa ka rubuta sunayen unguwannin garin kaf, don sunan unguwa ya fi mutanen cikinta riƙe tarihi. Mu 'yan birni ai muna gani kullum ba ma lura. Tudun Nufawa Nufawa ne suka kafa ta, Ayagi ta Yarbawa ce fatake tun kafin zuwan Turawan mulki, Zangon Barebari sunanta ya faɗi komai, Agadasawa mutanen Agadas, Sharifai zuriyar da ake dangantawa da Shehu Magili wanda ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Dandalin Turawa kuwa ba Turawan Ingila ba ne, Larabawan arewacin Afirka ne 'yan kasuwa, su ake kira Turawa a da. Madabo kuma ka ji ana zancen Wangarawa malamai da suka zo daga Mali. Fage a wajen ganuwa nan ayarin Buzaye suke sauka, Sabon Gari kuma bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka yanka ta don ma'aikata da 'yan kasuwar kudu. Ƙananan garuruwa ma haka suke, za ka ji Unguwar Barebari, Zango, Unguwar Fulani, Katsinawa, Daurawa, Sabuwar Unguwa, bakin tasha.

Amma fa suna yana yaudara ta fuska biyu. Na ɗaya ba duk mai "awa" a ƙarshe ne ƙabila ba, Dukawa ta cikin birni unguwar masu aikin fata ce, sana'a ce, ba ruwanta da Dukkawan ƙasar Rijau da Zuru waɗanda su ƙabila ce mai yarenta, na taɓa buga wa wani ɗalibi da ya haɗa su ya ce wai sun yi hijira daga Kebbi, da ƙyar na shawo kansa ya cire. Na biyu, shiga Tudun Nufawa yau ka nemi mai jin Nufanci ka gani. Sunan yana gaya maka wanda ya fara zama ne, ba wanda ke ciki yanzu ba.

Wannan ya kawo mu kan ainihin wahalar aikin, wato tambayar da za ka yi. Kar ka kuskura ka ce wa mutum wace ƙabila ce kai. A bakin Bakano "ƙabila" ba kowa take nufi ba, in aka ce wane ai ƙabila ne ana nufin ba Bahaushe ba ne, galibi ɗan kudu ko ɗan tsakiyar ƙasa, haka ma "ɗan yare". Ƙanina ya yi wa wani mahauci tambayar ya ajiye wuƙa ya ce kai yaro ni na yi maka kama da ƙabila? Raba tambayar gida uku za ka yi. Baba daga ina kakanni suka taso suka zo garin nan? Wane harshe ake yi a cikin gida, da yara da manya? Sannan in ka je wani gari aka ce kai wane ne, me kake cewa? Kowace amsa da layinta a takarda, kar ka cakuɗa su.

Ga dalili. A wani zaure muka tarar da tsoho a kan buzu yana jan carbi, fuskarsa da zane dogaye irin na Barebari, ya ce mu Barebari ne, kakana daga Barno ya zo da fataucin kanwa ya ga wuri ya zauna. Na ce Baba ana jin Barbarci a gidan? Ya yi dariya ya ce shi kansa ko gaisuwa bai iya ba, babansa ne mai ɗan tsinta-tsinta. Ɗansa yana gefe yana gyaran babur, fuska ba ko ɗigo, na tambaye shi ya ce shi Bahaushe ne mana, me zai zama. Jikan kuma ɗan sakandare ya ce shi dai Bakano ne. Zaure ɗaya, jini ɗaya, amsa uku, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Ana cikin haka wani Bafulatani mai kawo musu nono ya leƙo ya ce wa tsohon bawana ka tashi lafiya, tsoho ya ce ji ɗan bawan gidanmu, aka kwashe da dariya. Wannan wasan ma shaida ce, Fulani da Barebari abokan wasa ne kamar yadda Kanawa suke da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, in ka ga wa mutum yake tsokana ka san inda mutanen gari suka ajiye shi ko da shi ya manta.

Kano haka take cinye mutane. Agalawa asalinsu daga wajen Buzaye ne, yau kuwa wa zai ce Alhassan Ɗantata da aka haifa a Bebeji a 1877 ba Bahaushe ba ne? Fulanin gida ma haka, Sulluɓawa da ke riƙe da sarautar Kano tun Ibrahim Dabo a 1819, da Yolawa da Dambazawa da Joɓawa da Danejawa, za su ce maka su Fulani ne har su lissafo maka kakanni, amma Hausa ce harshensu. Shi ya sa kalmar Hausa-Fulani ba ta yi min a irin wannan aikin, kalmar 'yan jarida da 'yan siyasa ce, ban taɓa jin wani a ƙauye ya kira kansa da ita ba, kuma tana haɗa basaraken da bai jin Fulatanci da makiyayin da matarsa ke tallan nono da ƙyar take haɗa Hausa, tana kuma ɓoye Maguzawa, waɗanda Hausawa ne tsantsa amma ba Musulmi ba, da yawansu yau Kiristoci ne masu zuwa coci da Hausa. In akwai su a ƙasar garin ka rubuta su Hausawa a layin asali, in kana son addini ka buɗe masa layi daban, kuma ka kira mutane da sunan da suke kiran kansu: Ibo ko Igbo ba wancan sunan da muke faɗa a kasuwa ba, Gbagyi in ya ce Gbagyi, kalmar arna kuwa ko da wasa kar ta shiga takardarka.

Zanen fuska yana taimakawa amma ga tsofaffi kawai, yanzu an daina yi wa yara sosai. In kana son fassararsa nemi tsohon wanzamin garin, shi ya san aska wace ta gidan wa, kai dai kar ka kalli fuskar mutum ka cike masa fom.

Yanzu ƙirga. Ba za ka iya shiga kowane gida ba sai dai in garin ɗan mitsitsi ne, saboda haka ka fara sanin yawan gidajen kowace unguwa. Mai unguwa zai ba ka ƙiyasi, amma waɗanda suka fi kowa sani su ne masu allurar foliyo da ke bi gida-gida suna rubutu da alli a jikin bango, ka je asibitin sha-ka-tafi na garin ka nemi mai kula da su cikin ladabi. A ce misali gida 1,500 ne kuma ƙarfinka 150, to duk gida na goma za ka tsaya. Rubuta 1 zuwa 10 a 'yan takardu ka sa yaro ya ɗauki ɗaya, in 4 ta fito ka fara da gida na huɗu, sai na 14, sai na 24, har unguwa ta ƙare. Kar ka yarda mai rakiya ya riƙa zaɓar maka gida, zai kai ka gidajen danginsa ne da inda ake ba da fura. Kuma kar ka bi bakin titi kawai don ya fi sauƙi, bakin titi da tasha nan baƙi suke haya, mai kemis da mai gyaran taya da malamin makaranta da aka turo, 'yan gari suna can cikin lungu inda babur ma da ƙyar yake shiga.

Gida kuma ba iyali ba ne. Ƙofa ɗaya za ka shiga ka tarar da sassa biyar, tsoho da 'ya'yansa masu aure da ɗan haya a ɗakin zaure. Tambayar da ke warware wannan ita ce tukunya nawa ake ɗorawa a gidan, kowace tukunya iyali guda, sannan kowace tukunya mutum nawa ke ci a cikinta.

Kar ka raina wannan tambayar ta mutum nawa, don a nan lissafin yawancin mutane yake karkacewa. Ga misali na ƙirƙira don ka gane: ka shiga iyali 100, goma daga ciki baƙi ne 'yan haya kowanne mutum uku, ka ga 30 kenan, ragowar 90 'yan gari ne kowanne mutum tara, 810. In da iyali ka yi lissafi za ka ce baƙi kashi 10 ne, in da kawuna ka yi kuwa 30 cikin 840 ne, bai kai kashi 4 ba. Dukansu daidai ne amma ba abu ɗaya suke faɗa ba, sai ka rubuta wanne ka yi. Kalkuletar waya ta isa, in ka iya Excel kuma ya fi.

Ƙabilun da ba su da yawa tsallaken gida goma-goma zai iya wuce su gaba ɗaya ka dawo ka ce babu su, alhali suna nan. Su ta hannun shugabanninsu za ka bi. Kusan duk garin da ke da kasuwa akwai wanda Yarbawa suke kira shugabansu, Ibo suna da ƙungiyar gari mai littafin mambobi, Fulanin ruga suna da arɗo, sarkin tasha da sarkin kasuwa da sarkin zango sun san baƙin da suka zauna da masu wucewa, fasto ya san nasa, liman ya san wanda ya ɗaura wa aure. Lambar da suka ba ka ka rubuta ta a matsayin abin da shugabansu ya faɗa, kar ka zuba ta cikin wadda ka ƙirga da ƙafarka, don kowane shugaba yana son nasa su yi yawa.

Lokaci ma yana canza gari. Ka je Wudil ranar Juma'a ko Ɗambatta ranar Lahadi ka ga yadda kasuwar shanu ke cika gari da baƙin da magariba na yi sun watse, wanda ya ƙirga ranar kasuwa wani gari daban ya ƙirga. Da rani samari sun tafi cirani Legas da Abuja da Fatakwal, ga 'yan Nijar sun shigo nasu ciranin, makiyaya sun yi kudu neman ciyawa, da damina kuma kowa ya dawo gona. Almajirai fa, za ka sa su ko ba za ka sa ba? Tsangaya ɗaya tana iya ɗauke da yara daga jihohi uku. Mu mun ce duk wanda ya yi wata shida yana kwana a garin mun sa shi, almajirai kuma muka yi musu layinsu daban. Kai ma ka sa taka ƙa'idar, ka rubuta watan da ka yi aikin.

Akwai abin da ban so na tsallake ba. In ka je gidan Ibo ko wani Kirista ɗan kudu ka ga ya ɗaure fuska yana tambayar wa ya aiko ka, kar ka ji haushi, mutanen da iyayensu suka ga rikicin 1966, su kuma suka ga na 1991 da 2004 a Kano, baƙo ya zo da takarda yana tambayar ku su waye ku nawa ne a gidan, dole gabansu ya faɗi. Ka je tare da wani nasu, wanda ya ce ba zai amsa ba ka yi godiya ka wuce ka rubuta bai amsa ba. Kar ka rubuta sunan kowa ko lambar waya, lambar gida kawai ta isa, kuma dan Allah kar ka zana taswirar da ke nuna ga gidajen su wane ka ɗora a Facebook don a ce ka yi aiki. In an gama tattara lissafi takardun gida-gida ka ƙona su, mu a murhun gidanmu muka cusa su.

Wurin rubutawa kuma ka faɗi abin da ka yi daidai girmansa: a cikin iyalai kaza da muka ziyarta a watan kaza, kaza sun ce asalinsu kaza, kaza suna yin harshe kaza a gida, kaza suna kiran kansu kaza. Tebur uku kenan ba ɗaya ba, kuma ba za su yi daidai da juna ba, na asali zai fito da ƙabilu da yawa, na harshe Hausa za ta kusa cinye shi, kar ka gyara su don su yi kama. Ɗigo-ɗigon nan irin 62.37 ma ka bar shi, wanda ya shiga gida 150 bai da hurumin ɗigo biyu.

Da ƙanina ya gama muka buga kwafi ɗaya muka kai wa dagaci don ba kyau ka ɗebi maganar mutane ka ɓace. A ƙofar fada muka haɗu da tsohon nan mai zane, ya ce yaro a ina kuka saka ni? Ƙanina ya buɗe ya nuna masa, a teburin farko Babarbare, a na biyu Hausa, a na uku Babarbare. Ya ce ɗana fa? Aka ce shi a na uku Bahaushe ya shiga. Tsoho ya ɗan yi shiru ya ce to bari ya dawo daga tasha.